Kawu Mato da Ganuwa Marar Maigida

Kawuna Mato magini ne, kuma in na ce magini ba masu jera bulo da siminti nake nufi ba. Maginin ƙasa ne, na tubali da yaɓe. Yayan mahaifiyata ne, a Rurum Sabon Gari yake zaune, kuma duk wani tsohon zaure mai sanyi da ka taɓa shiga tsakanin Rurum da Kibiya, in ba hannunsa ba ne to na ubansa ne. Gajere ne, baƙi, yatsunsa sun karkace kamar saiwar rogo. Bai taɓa zama a aji ba. Amma in ya dubi bangonka ya ce damina biyu ta rage masa, gara ka fara neman inda za ka kwashe kayanka.

Shekara uku cur babu wanda ya kira shi aiki. Kowa ya koma bulo da kwano, har wanda zafi ke hana shi barci a ciki sai ya ce ai ci gaba ne. Ba yunwa ce ta dami Kawu ba, yana da gona, 'ya'yansa kuma ba su bar shi ba. Kiran ne babu. Kullum da safe sai ya zauna a ƙofar gida, in babur ya rage gudu ya ɗaga kai, in ya wuce ya mayar da kai ƙasa. Ni kaina abin yana ci mini rai, shi ya sa na yi abin da na yi, kuma wallahi da kyakkyawar niyya na yi shi.

Sunana Shamsuddeen, ina koyar da tarihi a wata sakandare a Rano, kuma ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. A ranin bara muka ɗauki hayar bas don mu kai dattawanmu Kano su ga wuraren tarihi. Kujera ɗaya ta rage, na ce bari in fitar da tsohon nan ya sha iska. Na same shi a ƙofar gida na durƙusa na gaishe shi.

"Kawu, ranar Asabar za mu Kano. Ina so ka zo ka ga ganuwa. Duk ta zube, abin tausayi."

Ya ɗago kai ya dube ni. "Ni aka ce in zo in gani?"

"Kai fa, Kawu. Wa ya fi ka sanin darajarta?"

"Tsawonta fa?"

Ni da bakin malanta, sai na hau zuba: ta kewaye birni kaf, mutum ya wuni yana tafiya bai zagaye ta ba. Kawu ya shafa tafin hannunsa a gwiwa. Ni da nake taƙamar tarihi, abin da ko tsohuwar da ke sayar da daddawa ta sani shi ne ya shige mini duhu. A wajenmu ba a kiran magini ya kalli bangon da ya faɗi don nishaɗi. Faɗuwar bango abin kunya ne, zana ake kafawa a rufe shi. In ka ga an ce wa magini zo ka gani, to tayarwa ake so a yi.

Ranar Asabar kowa ya fito cikin babbar riga da turare. Kawu ya iso da tsohuwar taguwarsa ta aiki, ga buhu a kafaɗa, ƙotar fartanya ta leƙo, ga buta a hannu. Amininsa Alhaji Ramalan, Bafulatanin ƙauyen Zurgu da ya daɗe da zama waje ɗaya yana noma da kiwo, ya dube shi sama da ƙasa.

"Mato, birni za mu ko kududdufi?"

"Kai da shanu kawai ka sani, me ya kai ka zancen mutane?" in ji Kawu, ya shige ya zauna a bakin taga. Aka yi dariya, har da ni. Na ɗauka tsufa ne kawai.

A Kano wani mutum mai suna Malam Murtala ya shigo motar, shi ne zai riƙa yi mana bayani. Mutumin kirki ne, ga furfura, ga sani. Muka fara da Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi. Nan Kawu ya ɗaga kai ya tsaya yana kallon yadda aka jera azara a rufin soro, yana gyaɗa kai shi kaɗai. Sai da na jawo hannunsa. A ɗaki na gaba ya ga tsoffin tukwane da kayan noma an jera ana kallo, ya matso kusa da ni.

"Shamsu, wannan ai irin tukunyar da ke bayan ɗakin innarka ce, wadda kaji ke sha a ciki."

"Ta dā ce, Kawu. Ajiye ta aka yi."

"A dafa me?"

"Ba a dafa komai. Kallo kawai ake yi."

"To masu gidan suna ina?"

Na ce babu mai kwana a nan. Ya sake duban soron, ya dube ni. Gida lafiyayye, ba ya yoyo, an share shi tas, kuma babu kowa a ciki sai tukwanen da ba a girki da su. Na ga yana so ya ƙara tambaya, sai ya haɗiye.

A gindin dutsen Dala ya tambayi abin da ke can sama. Aka ce babu komai, birni kawai ake hangowa. Ya ce to shi ga birni nan yana ciki, ya koma mota ya zauna da buhunsa a cinya. Da muka sauko muna haki ya ce mini rana fa tana yi, kada mu sa mutane su yi ta jira. Na ce waɗanne mutane? Ya yi mini kallon wanda bai da hankali. Har a lokacin, Allah shaida, ban gane ba.

Bayan azahar direba ya bi da mu titin da ke bin jikin ganuwa ta wajen Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya, ya sami wuri ya tsaya. Ga ta nan, jar ƙasa tuli guda, wani wuri da tsayi, wani wuri ruwa ya zaftare ta ta zama tudu, awaki na hawa suna sauka. Malam Murtala ya fara bayani, shekaru wajen ɗari tara, sarakuna, yaƙe-yaƙe, ƙofofi. Dattawa suka ciro wayoyi.

Na waiga ban ga Kawu ba. Can na hango shi ya yi nisa, yana tafiya a gindin ganuwar yana ƙirga taku, tafiyar da rabona da ganin ya yi irinta shekara uku. Ya tsaya, ya ɗebi ƙasa a hannu, ya ɗiga mata ruwan buta, ya murza, ya mulmula, ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya dawo wajenmu da sauri, fuskarsa a washe.

"Ƙasar tana da kyau," ya ce wa Malam Murtala. "Masu aikin sun san hannunsu, Allah ya ji ƙansu. Ta ƙasa ruwa ke cinta, can za a fara. Amma ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai an ba ni mutane. Ina maigidan?"

Malam Murtala ya dube ni. "Wane maigida, Baba?"

"Mai ganuwar."

"Ai ta kowa ce. Taku ce, tamu ce, ta duk Kanawa ce."

"To madalla. A cikin kowan, wa zan gani?"

"Hukuma ce ke kula da ita."

"Tana ina? A kai ni mu gaisa."

"Yau Asabar, Baba, ba a aiki."

Kawu ya juya dunƙulen ƙasar a hannu. "Mutum ya kira magini, sannan ya rufe ƙofa ya tafi?"

A nan ne abin ya faɗo mini. Na dubi buhun, na dubi butar, na dubi taguwar. Inna lillahi! Alhaji Ramalan ma ya gane, don na ga ya daina murmushi ya sunkuyar da kai. Da ni namijin kirki ne, da a take na ja Kawu gefe na gaya masa. Ban yi ba.

Kawu kuwa ya juya ya sami wata tsaga a jikin ganuwar, ya durƙusa ya ciro fartanya, ya tara ƙasar da ta zubo, ya kwaɓa da sauran ruwan butar, ya fara cusawa yana lailayewa da tafin hannu. Haka yake yi, yakan nuna wa mai aiki hannunsa kafin a yi magana. Malam Murtala ya ruga.

"A'a, a'a, Baba, don Allah bari! Ba a taɓawa!"

"Gyara nake yi."

"Na sani. Amma ba kowa ke gyara ta haka kawai ba, kayan tarihi ne. Yadda take ɗin nan ake zuwa gani."

"A zube?"

"To... eh, yadda ta rage."

"In ta ƙarasa zubewa fa, me za a zo gani?"

Kawu ya dubi dattawanmu da ke ɗaukar hoto suna murmushi a gaban rusasshen bango, ya dube ni, idonsa na neman wanda zai fassara masa wannan gari.

Ana cikin haka wata motar ɗalibai ta tsaya. Malamarsu, wata mai suna Afra'u, da ta ji cewa maginin ƙasa ne na gaske, sai murna ta kama ta. Ta ce irinsu sun kusa ƙarewa, ta roƙe shi ya tsaya jikin ganuwar ya ɗaga hannayensa masu taɓo. Ya tsaya ƙyam kamar mai hoton katin zaɓe. Suka ɗauki hoto, suka ƙara ɗauka, ta rubuta sunansa da garinsu da lambar wayata, tunda shi ba ya riƙe waya. Ta yi haka ne da girmamawa, ban ga laifinta ba. Amma ni na ga abin da aka ɗauka: tsoho da tsohon bango, duka biyun abin kallo.

A hanyar dawowa, mun wuce Bunkure, Kawu ya taɓo ni. "Ka ga sun rubuta suna. Wannan yarinyar ita ce wakiliyar maigidan ko?"

Na ce, "Wataƙila, Kawu." Kaico, wannan kalma! Da na cije harshena ya fi.

Bayan kwana huɗu Alhaji Ramalan ya zo Rurum da kansa. Mahaifiyarsa ta tsufa tukuf, ɗakin kwano yana gasa ta, yana so a gina mata na ƙasa mai rufin azara kafin ruwa ya sauka. Da gaske yake buƙata, ko da yake na san abin da ya gani a Kano ne ya tuna masa da amininsa. Aikin farko cikin shekara uku. Ina zaune aka yi maganar, har na fara hamdala a zuciyata.

Kawu ya girgiza kai. "Ramalan, ka makara. Na taɓa ƙasar wasu."

Haka ubansa ya koya masa. Magini in ya jiƙa ƙasar wuri ya murza, ya ɗauki alkawari ke nan, ba ya sa hannu a wani gini sai mai wurin ya sallame shi. Alhaji Ramalan ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce masa tsohon banza mai taurin kai. Ya harare ni don in yi magana. Na ce a ba shi lokaci. Kullum sai in ce gobe zan gaya masa, kullum in na zo sai in tarar ya wanke taguwar aiki ya shanya, yana tambayata ko waya ta yi ƙara. Har tsoffin abokan aikinsa ya aika wa, na Lausu da na Kibiya, su zauna da shiri.

Wata biyu ana haka. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Alhaji Ramalan ba zai bar tsohuwa a rana ba, ya kira masu bulo suka yi mata ɗaki da silin. Ranar da na ji, ko gida ban biya ba daga makaranta, na wuce Rurum kai tsaye, raina a ɓace da kaina.

Na durƙusa na ce, "Kawu, babu wanda zai kira. Babu wanda ya kira tun farko. Yawon kallo muka je, ni ne na ce a zo da kai don ka huta."

Ya dube ni. "Kallon me?"

"Ganuwar."

"Ta zube fa, Shamsu."

"Eh, Kawu. Ita ake kallo."

"Hoton da aka ɗauke ni fa?"

Ya daɗe yana duban hannayensa, ya juya bayansu, ya juya cikinsu. Ban ga fushi a fuskarsa ba, da ma ya zage ni da na ji sauƙi.

"Ramalan ya ba da aikin?"

"An gama, har ta tare."

Ya gyaɗa kai a hankali. Wani babur ya rage gudu a bakin hanya, ya wuce, Kawu bai ɗaga kai ba.

"Da a mota ka gaya mini, da ban taɓa musu ƙasa ba," in ji shi. "To yanzu wa zai sallame ni?"