Ranar da Ungozoma Ya Bar Garke

Namiji ne, har da gemu, amma duk yankin Ungozoma ake kiransa. Da ƙuruciya yakan yi faɗa a kan sunan, ya ɗaure fuska, ya ƙi amsawa. Da ya ga faɗan ƙara wa sunan ƙarfi yake yi sai ya haƙura, har ta kai in an kira shi da sunansa na gaskiya sai ya waiwaya ya ga ko da wani ake. Shanu yake kiwo a wani garke da ke bayan gidansa, ba su da yawa, kuma hannunsa ne ya ja masa sunan. Duk saniyar da naƙuda ta yi wa gardama, ko ta wane ce, shi ake aika wa. Yakan zo da bokiti da sabulu da igiya mai laushi, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya yi ta yi wa saniyar magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaro, har ɗan maraƙi ya faɗo.

Mutum ne mai tattalin kaya, tattalin da har yakan ba mutane haushi. Rediyonsa ya tsufa a cikin ledar da aka sayo shi. Wayarsa, irin mai maɓallan nan, a cikin safa take kwana, kafin ya zaro ta mai kira ya gaji ya kashe. In ka ara masa abu, zai dawo maka da shi a naɗe cikin tsumma, ya fi yadda ka ba shi tsabta. Sannan ba ya zuwa ko'ina in akwai saniya mai tsohon ciki a garkensa. Farkon aurensa ya taɓa yin tafiya ya bar saniyarsa ɗaya tak a kan gwiwa, ya dawo ya tarar babu uwa babu ɗa. Tun daga ranar ya kafa wa kansa doka, kuma ba a taɓa jin ya karya ta ba. 'Yan'uwa sun yi fushi sun gaji, abokai sun daina gayyatarsa. Matarsa takan ce da ita saniya ce da ta fi ganin mijinta, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai ita ba ta harbi, ba ta buƙatar tsaro.

To, magana ta ganin miji ta zo ta zama gaskiya. Yanar ido ta riƙa rufe idanun matar a hankali, shekara da shekaru, har ta kai haske da duhu kawai take bambancewa. Ba ta taɓa zama ta yi kuka a kai ba. Ta san gidanta da tafin ƙafa, tana girkinta, tana gane kowace saniya da kukanta, tana tsokanar mijin cewa ita a wurinta har yanzu baƙin gemu gare shi. Da aka sa mata ranar aikin ido a babban asibiti, abu ɗaya ta roƙa.

"Malam, ranar da za a kwance mini ido, kai nake so in fara gani. Ba likita ba, ba bango ba."

Ya ce to. Sai bayan ya ce to ɗin ne ya tuna da karsanarsa. Ja ce, cikin fari gare ta, ga ta da ƙaramin ƙugu, hantsarta kuma ta fara cika. A lissafinsa haihuwarta da ranar asibitin kafaɗa da kafaɗa suke tafiya. Ya kasa cin abinci sosai. Ya yi alkawari, yana kuma son matarsa so na gaske, amma ƙafarsa ba ta san hanyar barin garke a irin wannan lokaci ba.

Autarsu ce ta kawo mafita. Tana aiki a shagon sayar da magungunan dabbobi a cikin gari, ta zo a kan babur ɗinta da wata 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanka girma ba, mai maɗauri na roba. Maigidanta ne ya ba ta aro. Ta ɗaura ta a saman wutsiyar karsanar, ta danna, wata 'yar fitila ta yi ƙyaf.

"Baba, kai ka fi kowa sani, saniya in naƙuda ta kama ta ai ɗaga wutsiya take yi tana murɗawa. Wannan abin motsin yake ji. Da ta fara, zai turo mini saƙo a waya tun da sauran lokaci. Sai in ɗauko ka a babur, kafin ƙafar ɗan maraƙi ta leƙo mun iso."

"In kuma ƙuda take kora fa?"

"Ya san bambanci."

"Wa ya koya masa?"

"Baba, don Allah."

Ya zagaya karsanar, ya duƙa ya leƙa na'urar ta ƙasa, ya shafa ta da ɗan yatsa. Ba wai ya yarda da ita ba ne ɗari bisa ɗari, amma maganar wutsiyar gaskiya ce, kuma duk wanda ya lura da wannan ya taɓa zama kusa da saniya. Aka kuma roƙi maƙwabcinsu mai gyaran keke ya riƙa leƙowa ta katanga. Mutumin kirki ne, sai dai tsoron shanu yake yi kamar me, ya ce zai leƙa amma kada a sa ran zai shiga.

Auta ta kai uwarta asibiti, aka yi aikin a ido ɗaya, aka rufe shi da auduga, aka ce sai washegari za a buɗe. Da safe Ungozoma ya yi wanka, ya sa rigarsa ta fita wadda ta daɗe a ƙasan akwati har ta yi layi-layi, sannan ya shiga garke sallama. Ya zuba dusa, ya cika kwamin ruwa. Yana tsaye sai ƙuda ya sauka a gadon bayan karsanar, ta kaɗa wutsiya, na'urar ta bugi turke, ƙwas. Kayan aro, kayan mutane, a bar dabba tana maka shi da itace yini guda? Ya ɗauko igiyarsa mai laushi, ya ƙulla a gashin wutsiyar, ya ja ta gefe ya ɗaure a igiyar wuya, yadda ya saba yi in zai karɓi haihuwa don kada wutsiya ta mare shi. Ya ja baya ya duba, na'ura ta zauna daram, ko motsi ba ta yi. Ya tafi yana jin daɗin dabararsa.

A asibiti ya tarar da su a wani dogon baranda mai warin magani, majinyata a jere kan benci, kowa da farar auduga a ido ɗaya. Matarsa ta gane takunsa tun daga nesa.

"Ka zo," ta ce, tana lalubo hannun rigarsa. "Har da rigar akwati. Ina jin ƙamshinta."

Ya zauna kusa da ita. Likita ba ta fito da wuri ba, layin kuma tafiyar hawainiya yake yi. Rana ta ɗaga, inuwar ginshiƙi ta janye daga ƙafafunsu, shi kuwa idonsa na kan jakar Auta. In ya yi shiru kaɗan sai ya ce ta duba ko akwai caji. In ta duba sai ya ce ko wurin nan ba ya kama layi. Wani tsoho da ke gefensu ya tambaya ko wani ne ba shi da lafiya a gida, matar ta ce a'a, 'yar lelensa ce za ta haihu, mai ƙafa huɗu. Bencin duka aka yi dariya, har da shi.

Saura mutum ɗaya a gabansu wayar ta yi ƙara a cikin jaka. Ungozoma bai san lokacin da ya miƙe ba. Tuni zuciyarsa ta isa garke, ta ɗauki bokiti, ta naɗe hannun riga. Auta ta sa hannu a jaka tana kallonsa. Matar kuwa ta saki hannun rigarsa da take riƙe da shi tun safe, ta mayar da hannunta kan cinyarta. Ya dubi hannun. Ya san shi da ƙunar murhu da kaushin igiya, bai taɓa ganinsa a zaune haka babu abin riƙewa ba. Tsoro yake ji, tsoro sosai, don ya san abin da ƙaramin ƙugu yake yi wa cikin fari. Ya koma ya zauna, bencin ya yi ƙara.

"Bar shi a jaka," ya ce wa Auta. "Kada ki karanta sai an buɗe."

Nas ta kira su. Ɗaki ne ƙarami, an ja labule don rage haske. Likita ta ɓamɓare filasta a hankali, ta ɗaga audugar, ta goge gefen idon, ta ce a buɗe sannu-sannu. Ungozoma ya durƙusa a gaban kujerar, ya tura fuskarsa kusa har sai da likitar ta ce ya ja baya kaɗan, numfashinsa ya yi yawa. Idon ya buɗe, ya rufe, ya kawo ruwa, ya sake buɗewa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, wa ya zuba maka gari a gemu?"

Dariya ta ƙwace masa, hawaye suka biyo ta, bai kuma ɓoye ba. Ta kama gemun ta juya fuskar dama da hagu kamar mai taya kaya a kasuwa, ta ce ya tsufa amma ba laifi, za ta ci gaba da zama da shi. Sannan ta juya ta ga Auta, wadda ta bari da kumatun yarinta, ta same ta cikakkiyar mace.

Sai a bakin ƙofa ya tuna. Auta ta zaro wayar ta duba, ta riƙe baki. Kamfanin waya ne yake tallar garaɓasa. Daga na'ura babu ko ɗigo. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce ashe karsanar mai kunya ce, ta jira shi.

Suka ɗauki mota shi da matar, Auta na biye a babur. Matar ta sa baƙin gilashin da aka ba ta, tana ta faɗin abin da ta gani a hanya, wane ya yi bene, itacen nan an sare shi, wannan shagon da ba haka launinsa yake ba. Da la'asar suka isa. Mai gyaran keke yana zaune a kan katanga, ƙafafunsa ta wajen gidansa, yana washe baki.

"Ungozoma, barka da arziki. Mace ce."

"Wace ce mace?"

"Maraƙar mana. Tun kafin azahar. Ni dai na leƙo na ga ta kwanta, na rufe ido, na buɗe na ga sun zama biyu. Ban kira ba don an ce abin nan zai kira."

Da gudu ya shiga garke, da rigar akwatin da komai. Ga 'yar maraƙa ja, gashinta ya bushe har ya yi laushi, ta kafa ƙafafu huɗu a warwatse tana tunkuyin hantsar uwa. Ya duba uwar gaba da baya, ya duba ƙasa ya ga mabiyiya ta faɗi, ya shafa cibiyar 'yar. Babu abin da ya rage masa ya yi. Ya tsaya da hannu biyu a sake, murna ta cika shi, da ɗan guntun haushi cewa an yi ba da shi ba kuma an yi daidai.

Auta ta tsaya a bayan saniyar tana bin igiya da ido, daga gashin wutsiya har wuya.

"Baba, wa ya ɗaure wannan?"

"Ni ne. Bugawa take yi da turke. Kayan mutane ne."

"Baba, motsin wutsiyar shi ne aikin gaba ɗaya. Ka ɗaure wa abin baki."

Ya tsaya yana kallon igiyar. Mai gyaran keke ya kusa faɗowa daga katanga. Auta ta kwance igiyar tana dariya har da riƙe ciki, saniyar ta kaɗa wutsiyarta da ƙarfi kamar mai rama bashi, ta ɗauke wa Ungozoma hula. Kafin magariba labarin ya gama unguwa, kuma har yau in mutum ya lalata abu garin tattali sai a ce ya yi ɗaurin Ungozoma.

Matar ta shigo garken a hankali, ba ta lalube, ba ta riƙe bango. Ta ɗaga gilashin kaɗan ta kalli maraƙar, ta ce akwai fari a goshinta, shi bai ma lura ba. Auta ta fita kai na'urar cikin jaka, aka bar su su biyu a jikin turke.

"Na ji lokacin da ka miƙe," ta ce.

Ya sunkuyar da kai yana kaɗe hularsa.

"Na ce a raina shi ke nan, likita zan fara gani, kuma ba zan riƙe ka a zuciya ba, don na san wanda na aura. Sai na ji benci ya yi ƙara." Ta mayar da gilashin. "Ido sun buɗe mini, na gode musu. Amma ni tun a wannan ƙarar na warke."

Ya miƙa mata hannun rigarsa don ya ja ta zuwa cikin gida, yadda ya saba, ta ture shi ta ce ta ga hanya. Ta wuce gaba, yana biye da ita.