Waya Mai Ido Uku

A tashar Madawa, Rufaida na zaune kan buhun albasa tana jiran motar Keita ta cika, idonta na kan wata tsohuwa a gaban teburin mai sayar da wayoyi. Doguwa ce siririya kamar karan dawa, lallen hannunta ya koɗe. Wayarta ta zo karɓa daga caji, mai tsagaggen gilashi, an ɗaure ta da roba. Mai tebur ya miƙo mata sabuwa.

Ya ce, "Inna, duba ta bana. Ido ukku gare ta."

Tana jujjuya ta kamar mai zaɓen ƙwarya, tana shafa idanun da yatsa. Sai ta latsa tata, ta kara a kunne. Muryar namiji ce ke gaisuwa daga nesa, fuskarta duk ta washe. Rufaida ta ayyana a ranta: ɗanta ne da ya tafi cin rani, kuma matar nan ta ga zamanin da ake aiko murya a kaset, a yi wata uku ana jira. Wadda ta ga wannan canji, ƙarin ido ba zai ruɗe ta ba.

Tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, cikin taka muryarshi za ta hi haka kusa?"

"A'a, Inna. Hoto dai ya hi kyau."

Ta mayar masa tana dariya. "Ashe jakin jiya na, akumari anka sake mishi."