Nabeshima, Gwanin Faɗuwa

Nabeshima Tokuji ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana faɗuwa, kuma da faɗuwar ya riƙe gidansa. A ɗakinmu na zanen finafinan katun da ke unguwar Suginami a Tokyo, a saman shagon mai taliya, kowa da abin da ya ƙware a kai: wani hayaƙi, wani takobi, wata gashi idan iska ta kaɗa shi. Shi nasa wanda aka doka ne. Duk inda labarin fim ya kai ga a nushi mutum ya kife, darakta Okazoe ba ya ko ɗaga kai, sai ya ce a kai wa Nabeshima.

Ni aikina cike gurbi. Shi yake zana farkon motsi da ƙololuwarsa da ƙarshensa, ni in zana na tsakani har su haɗu su motsa. Ra'ayinsa ɗaya ne a duniya, kuma na ji shi har na gaji: ƙarfin naushi ba a hannun mai naushi yake ba, yana jikin wanda ya sha shi. Yakan ja hannun jarumi ya yi tsawo kamar roba a takarda guda, ya sa walƙiyar baƙi da fari inda dukan ya sauka, sannan ya ƙarar da sauran takardun a kan wuya da kafaɗa da gwiwar da ta saki.

Bai iya zama ba. Ya ja layi biyu ya miƙe, ya je gaban madubi, ya dawo ya kaɗa takardu tsakanin yatsunsa yana kallon motsin, ya yi tsaki. Daga nan sai ya shimfiɗa katifarsa tsakanin tebura ya jefa kansa a kai. Bai taɓa zana faɗuwar da bai yi da jikinsa ba.

Bara ƙugunsa ya ce ya gaji. Likita ya hana shi faɗuwa, shi kuma ya ɗauki maganar a matsayin shawara. Matarsa Fumie ce ta zo da kanta, ta rusuna mana, ta ba mu haƙuri kan wahalar da mijinta yake ba mu, ta naɗe katifar ta hau jirgin ƙasa da ita.

A makon nan aka ba shi wurin da ake tunkuɗo jarumi daga kan gada. Ya gwada zanawa da ka, jarumin ya fito kamar buhun shinkafa da aka sauke daga mota. Okazoe ya duba, ya ce cikin ladabi idan abin ya gagara zai miƙa wa masu kwamfuta. Kowa ya san wanda aka karɓe wa faɗa ɗaya ba a kawo masa na biyu.

Ya fiƙe fensirorinsa duka, ya fiƙe na maƙwabta. Ranar da aka yi ruwan sama ya tafi tashar jirgi ya tsaya a gindin matakala. Ya dawo a jiƙe yana cewa mutanen Tokyo ba su da kirki, ko mutum ɗaya bai zame ba.

Washegari da hantsi ya tsaya a kaina.

"Hatano, ƙanwata, lafiyar bayanki ƙalau?"

"Yaya, in aron baya ka zo, an rufe shago."

"Haba, ke da kike yarinya."

"Yarinya mai jika? Je ka nemi wani."

"Duk na duba su. Waɗancan ko atishawa suka yi sai su karye. Ke kuwa kin cike faɗuwata shekara da shekaru, kin san hanya."

Sanin hanya a takarda daban ne, amma na tashi. Aka tara rigunan sanyi da matasan kujeru a ƙasa, na hau benci na faɗo. Ya ce na faɗi kamar mai neman izini. Na sake. Na sake. Yana tsugune a gefe, fensirinsa na gudu, yana ta cewa, "Saki wuyan, baiwar Allah, ba naki ba ne!"

Aka ɗauki zanukan a hoto aka haska mana su. Jarumin ya faɗo da nauyi da tsoro, har na ji bayana ya amsa. Sai dai a tsakiyar iska ya kai yatsu biyu ya dafe karan hancinsa.

"Me yake nema a hancinsa?" in ji Okazoe.

Jarumin ba ya sa tabarau. Ni nake sawa.

"Haɓo yake tarewa," in ji Nabeshima, ko ƙiftawa bai yi ba.

"A baya aka doke shi, dattijo," in ji Okazoe.

Okazoe ya ɗora takardar gyara mai ruwan ɗorawa a kai, ya mayar da hannun inda ya dace, bai taɓa sauran ba. Ya ce ya daɗe bai ga faɗuwar wanda ba ya son faɗuwa ba, a bar wa Nabeshima faɗan gaba.

Faɗan gaba doki ne yake tuntuɓe da mahayinsa. Tun safe yake zagaya ɗakin yana ɗingishi, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.