Makwancin Dorina

Falalu na Tsibiri bai taɓa karɓar magana yadda aka miƙo masa ita ba. In ka ce masa ina kwana, sai ya dube ka tukuna, ya auna abin da ya fito da kai da sassafe. Matarsa Marka takan ce shekara ashirin tana dama masa fura, amma har gobe sai ya shinshina ludayi. Abu ɗaya ya yarda da shi a duniya, fadamar da ubansa ya bar masa a bakin gulbi, shinkafa da damina, albasa da rani.

Shekarar da aka fara zancen madatsar ruwa ta Bakolori, masu awon ƙasa suka iso da ƙarafa da tutoci. Cikinsu akwai wani Bature da tafintansa Iliya, ma'aikaci daga Talata Mafara. Suka tarar da Falalu yana ban ruwa. Bayan an gaisa, Baturen ya nuna gulbi ya faɗi wata kalma doguwa kamar igiyar rijiya.

"Mi yac ce?" in ji Falalu.

"Baba, tambaya yake ko akwai dorina a nan. Ya ce a wurinsu ma'anar sunanta dokin gulbi."

Nan take Falalu ya dakata da ban ruwa. Shi dai dorina biyu ya sani, ta cikin gulbi da bulalar da ake yankowa daga fatarta. Yau ga ta uku, wai doki. Duk wanda ya dubi dorina ya ga doki, ai sirdi yake shirin ɗaura wa gulbin. Shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa ganin dorina ba, sawunta kawai ubansa ya taɓa nuna masa a cikin laka. Amma ya ƙudurta sai ya tsorata su sun bar masa fadama.

"Hwaɗa mishi akwai su. Hwadamag ga duk tasu ta. Nan su ka kwana, nan su ka kiwo."

Iliya ya dubi fangalin albasa. "Baba, ka tabbata? Wannan ba gonarka ba ce?"

Tambayar ta ƙara masa zargi. Me ɗan birni yake so da sanin mai gona? "Kai dai hwaɗa mishi yadda nic ce."

Iliya ya sake tambaya, Falalu ya juya masa ƙeya. Da Iliya ya fassara, Baturen ya yi murna ƙwarai, ya rubuta a takarda, suka wuce.

Falalu ya koma gida yana ta cika baki, wai ya kori Bature da kalma guda. Marka ta ce, "Malam, ni dai ban ga tsoro ba ga mutumin da ka rubutu yana murmushi." Ya ce ta ji da tukunyarta.

Da ruwan madatsa ya fara hawa gonaki, aka tara mutane a Maradun aka karanta sunayen waɗanda za a ba wata gona a madadin tasu. Har aka naɗe takarda Falalu bai ji sunansa ba. Sau uku yana hawa mota zuwa Talata Mafara kafin ya samu Iliya a ofis. Iliya ya binciko takardar, ya daɗe yana kallonta.

"Makwancin dorina aka rubuta, Baba, ba gona ba. Sau biyu na tambaye ka."

Falalu ya ɗaga murya, ya rantse da kabarin ubansa. Mai gadi ya matso daga bakin ƙofa, bulala na reto a wuyan hannunsa. Bai ko ɗaga ta ba, Falalu ya ɗauki takalmansa ya fita. Ya yi kuka a mota, bai ɓoye ba.

A Bakura ya tsufa, yana ƙwadago a gonakin mutane. Abokan aiki sukan tsokane shi, su ce shi da ya tashi a bakin gulbi, ko ya taɓa ganin dorina.

"Na gani," yakan ce. "Guda ɗai. Ga hannun mai gadi."