Kalmar da Ta Zaunar da Babana a Gaɓar Kogi

A shekarun da nake karatun digiri na biyu a Kuala Lumpur, ni mace ce mai tambayar tsiya, komai na gani sai na ji kansa. Ina zaune a unguwar Wangsa Maju, ina haɗa karatu da sarin mayafai ina turawa gida. Babana mai fito ne a ƙasar Yauri. Tun ina goye yake tsallakar da 'yan kasuwa a kwalekwalen katako, wanda kullum sai an kwashe masa ruwa da ƙwarya. Burina a lokacin bai wuce in canza masa jirgi kafin tsohon kwalekwalen nan ya nutse da shi ba.

Wata rana ina cikin tasi na hango wani kamfanin sayar da jiragen ruwa a hanyar Klang, an jera su farare fat a kan tayoyi. Ranar Asabar na koma. Wallahi na daɗe ina zagaya su ina ƙwanƙwasawa, don ban taɓa ganin jirgin da babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa ba. Dillalin, wani mai fara'a, ya biyo ni. Na tambaye shi ko jirgin zai ɗauki mutane da buhunan shinkafa, ya amsa da harshensu ya ce boleh. Ko zai iya kogi mai rairayi, boleh. Ko za su ɗaura inji su kai min shi tashar jiragen ruwa kafin damina ta kankama a gida, boleh lah. Ni kuwa abin da na sani, in ka tambayi mai abinci ko zai ƙulle maka shinkafa ya ce boleh, to shinkafa na zuwa. Na biya, na fito ina kiran Baba, na ce masa an gama, jirgi na hanya.

Daga nan wahala ta fara. Duk zuwan da zan yi sai boleh ɗin ya fito da wutsiya. Inji zai samu, amma irin wanda na zaɓa sai an yi odarsa. Da ya iso, sai aka ce bencunan zama ba sa cikin ciniki, amma za a iya sawa. Da aka sa, wani Bakano da ke mana lodin kaya a unguwar Setapak ya auna ya ce jirgin ya fi kwantenarsa tsawo. Na koma a fusace, dillalin ya yi murmushi ya ce ai zai shiga, in an samo doguwar kwantena. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, na bi maganganun mutumin nan ɗaya bayan ɗaya ban kama shi da ƙarya ba. Haushi na cina, amma son in gane kan kalmar nan ya fi haushin.

Sai na tare wata 'yar ajinmu 'yar ƙasar muna cin abinci, na zayyane mata komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce boleh a bakin ɗan kasuwa ba alkawari ba ne, nufinsa dai abin bai gagara ba, kuma su kunya ke hana su ce wa baƙo a'a ido da ido. Ta ce da na bi shi da tambayar yaushe, kuma wa zai yi. Nan na gane kalmar sarai. Ita ce "to" ɗinmu, wadda muke ce wa mutum don kada mu musa masa.

Da na kira gida in ba da haƙuri, Inna ce ta ɗauka. Ta ce ai tun ranar da na ce an gama, Baba ya ja tsohon kwalekwalen ya ba wani maƙwabcinmu mai yawan iyali kyauta, a gaban jama'a. Ga kogi ya cika, ga 'yan kasuwa na ta tsallakawa, shi yana zaune a gaɓa. In zai haye ma a jirginsa na dā yake shiga, kamar kowane fasinja. Na ce ta ba shi wayar. Na yi ta zuba, inji, oda, kwantena. Bai katse ni ba, bai yi faɗa ba. Da na gama ya ce to. Na ajiye wayar na yi kuka mai isata.

Jirgin ya isa bayan ruwa ya janye, kuma Baba ya yi shekaru yana fito da shi. Amma damina guda ta wuce shi a zaune, don an ce min zai yiwu, ni kuma na kai masa an gama. 'Yan'uwa mazauna ƙasar waje, ina jan kunnenku: kada ku kai wa na gida albishir ɗin abin da bai shigo hannunku ba. Iyayenmu ba sa tantama a maganarmu, a kanta suke yanke hukunci. Ni dai har yau in Baba ya ce min to, ba na kashe waya sai na sake tambayarsa abin da ke ransa.