Ɗakin Ƙasa na Baba Abdulghani

Zuwa ga shugabanmu, Alhaji Isma'ila Mai-Turare, da dattawan da ke zama tare da shi a kan al'amuran jama'armu ta unguwannin Hindawiyya da Ammariyya a Jidda. Gaisuwa mai yawa, tare da ladabi da girmamawa. Bayan haka, ni Muslim Tanko Maigatari, wanda kuka sani a kasuwar tumaki, ina neman izini in ajiye wannan takarda a gabanku. Da hannuna na rubuta ta, ba wanda ya riƙe mini alƙalami, domin Malam Hussaini da ke koya mana karatun boko ya tabbatar mini na kai matsayin rubuta magana mai nauyi. Ban so a ce da wannan na fara ba.

Mu na Allah ne, kuma wurinSa muka nufa. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Rajab na shekarar 1445, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Baba Abdulghani a gidansa da ke Ammariyya, bayan doguwar jinya. An yi masa salla, an rufe shi a wannan gari na Jidda inda aka haife shi.

Kafin in faɗi ko wane ne shi, wajibi ne a san yadda nake sa'ad da ya tsince ni. A gida ni dillalin dabbobi ne, kuma ba ƙaramin dillali ba. Idan na buɗe baki a kasuwar Maigatari, mai saye da mai sayarwa duk shiru suke yi su saurara. Da harkar ta lalace, wani ya yi mini alkawarin aiki a Jidda, na sayar da abin da ya rage na taso. Na sauka, na kira lambar da ya ba ni, ba ta shiga ba, kuma har yau ba ta shiga ba. Sai ga ni zaune a ƙofar wani masallaci da jakata, mutum mai furfura a gemu, ban iya tambayar inda ake alwala ba. Wanda bai ɗanɗana wannan ba ba zai gane ba. Yunwa tana da zafi, amma bebantaka ga mai lafiyar harshe ta fi ta.

Baba, kai ne ka tsaya a kaina. Mutane da yawa sun wuce, wasu sun ajiye mini dabino, kai kuwa ka dube ni ka ce, "Kai ɗan wane gari? Ka ci abinci? Yalla, tashi, ba a zama a rana." Hausarka a lokacin kamar tsohuwar riga take, duk an yi mata faci da Larabci, amma ban taɓa jin zance mai daɗinta ba.

Ka kai ni ɗakin ƙasa na gidanka, wanda ƙofarsa ke kallon lungu. Ba komai ciki sai katifa da fanka da buta da darduma. Daga baya na ji cewa tun kafin a haifi 'ya'yanka wannan ɗaki yake a buɗe, kuma mutanen da suka kwana cikinsa sun bazu a Jidda, wasu direbobi ne a unguwar Abhur, wasu masu shago, wasu sun koma gida. Ba ka taɓa tambayar ɗayansu yaushe zai tashi ba.

Sai dai ba ka bar kowa ya kwanta ya ruɓe ba. Kowace safiya ni kake aika in sayo wa gida tamis, wato gurasar nan mai faɗi, da wake na karin kumallo. Sai ka biyo ni, ka tsaya a tsallaken titi ka yi kamar ba ka san ni ba, ina ta nuni da yatsa mai tanda yana daka mini tsawa. Raina ya ɓaci. Na same ka na ce, "Baba, ni fa magidanci ne, a garinmu ni ake aika wa yara." Ka yi dariya har ka riƙe bango, ka ce, "Ya shaikh, gemu ba ya sayen tamis. Baki ke saye. Gobe ma kai ne." A wannan layi na sami kalmomina na farko, kuma ina shaida cewa tsarinka daidai ne, ko da yake a lokacin ban yarda ba.

Da ka ji sana'ata, ka sa ni a tsohuwar motarka ka kai ni kasuwar tumaki wurin abokinka Majid. A hanya na ce maka ina jin tsoro, ba na jin Larabci. Ka ce, "Rago ma ba ya ji." Ka tura ni cikin garke. Na buɗe bakin rago na duba haƙora, na taɓa gadon baya, na ware masu lafiya daga masu tari. Majid ya kira ni in dawo washegari. Ka mayar mini da mutuncina a ranar, Baba, kuma ka yi kamar ba ka yi komai ba.

Shugabanni, yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Da aka dawo da shi daga asibiti, sai aka ga abin mamaki: Larabcin da ya yi rayuwarsa duka da shi ya tafi. Abin da ya rage a bakinsa Hausa ce tsantsa, ba faci, irin ta mahaifiyarsa, da kalmomin da rabona da jin su tun kakata tana raye. Kuma harshen ya yi nauyi, sai wanda ya zauna da shi kullum ke iya tsintar maganar. Matarsa ta riga shi rasuwa. 'Yarsa Rabi'atu tana jin Hausa amma tana kunyar yin ta, kuma tana aure a Abhur, sai Juma'a take zuwa. Ɗansa Thamer, wanda gidan ke hannunsa, ba ya jin ta sai ɗai-ɗai. Saboda haka ni na zama kunnen gidan.

Ban taɓa ganin abin tausayi kamar wannan ba. Thamer zai zauna ya riƙe hannun mahaifinsa, tsoho ya yi masa doguwar magana idonsa na hawaye, sai Thamer ya juyo gare ni, ni da yake kira ammi, wato baffa, ya ce, "Ammi Muslim, esh yagul? Me ya ce?" Ni kuwa Larabcina na kasuwa ne. Ya san tsada da araha, ya san mai ƙiba da ramamme. Bai san yadda ake cewa "ka yafe mini tsawar da na yi maka kana ƙarami" ba. Sai in ɗauki hannun Baba in ɗora a kan Thamer, in ce masa, "Baraka, baraka." Iyakar abin da na iya ke nan, Allah Ya sani.

A cikin wannan jinya, wata rana ina juya shi, ya ba ni labarin ɗakin. Mahaifiyarsa, da yake kira Inna, da ƙafa ta taso daga ƙasar Hausa ta bi ta Sudan. Mijinta ya rasu a hanya. Ta iso Jidda da cikin Baba, ba ta san kowa ba, ba ta jin kalma ɗaya, tana kwana a gindin katanga, har wata mata ta buɗe mata ɗakin da take ajiye gawayi. A can aka haife shi. Ya ce mini, "Ranar da na gina gida, da ɗakin ƙasa na fara."

Thamer ba mugun mutum ba ne, kuma ina so wannan ya shiga takarda. Nauyin jinya ya hau kansa, kuma yana tsoron kada wata rana a sami wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, a gidansu, abin ya zame musu fitina. Sai ya yanke shawarar fasa bangon ɗakin a mayar da shi shago. Magina suka zo aune-aune. Baba ya ji motsinsu daga sama, ya tambaye ni, na faɗa masa gaskiya. Ya damƙe wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, "Kada a rufe ɗakin ƙasa." Ya maimaita har numfashinsa ya sarƙe.

Na tattara ɗan Larabcina na isar wa Thamer. Sai ya haɗa tasa 'yar Hausar ya ce, "Ya ammi, wallahi ina girmama ka. Bas kai ka ji, kai ka faɗa, kai kana kwana a ɗaki. Ni yaya?"

Maganar ta soke ni, domin ba a taɓa tuhumata da ƙarya ba ko a tsakanin masu shanu. Amma da na kwana da ita na ga yana da gaskiya. Shaidar mai cin amfani ba ta tsayuwa, a nan ko a gida. Kuma na ga cewa muddin ina cikin ɗakin, ni ne zan zama sanadin rufe shi. Washegari na naɗe kayana na koma rumfar Majid a kasuwa, inda ake tara ciyawa. Wanda ya san zafin Jidda ya san abin da na zaɓa. Ban daina zuwa yi wa Baba wanka da juya shi ba.

Daga nan na nemi shaidu. Na kawo Malam Hussaini, na kawo Hajiya Zubaidatu mai masa, maƙwabciyarsu ta shekaru, domin dukansu suna jin harsunan biyu. Muka yi ta zama da yamma, Baba bai ce komai a kan ɗaki ba. Wata rana ya yi barci. Wata rana ya dubi Hajiya ya ce miyar gidan nan ba daddawa. Hajiya ta ce, "Malam Muslim, ka tara mu jin wasiyya, ga shi mun ji ta miya." Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma jikin Baba yana ta raguwa, magina sun sa ranar fara aiki, kuma na ga alamar zai tafi da maganarsa a ciki.

Juma'ar ƙarshe ta rayuwarsa, Rabi'atu ta zo ta same mu zaune, har da Thamer. Ta ji abin da ake ciki. Sai ta durƙusa a gefen gado, ta yi abin da ban taɓa jin ta yi ba, ta buɗe baki da Hausa. Ta ce, "Baba, ni Rabi. Ɗaki ƙasa, Thamer yana so shago. Kai kana so?"

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Rabi, ashe kin iya."

Ta fashe da kuka. Ya bari ta lafa, sannan ya juya kansa wajen Thamer, ya yi magana a hankali, kalma bayan kalma, yadda kowa a ɗakin ya ji: "Kada a rufe. Baƙo yana hanya."

Malam Hussaini ya buɗe baki zai fassara, Thamer ya ɗaga masa hannu. Ya ce wannan ya ji da kansa, domin tun yana yaro ake ɗora masa tire a ce ya kai wa baƙo. Ya sunkuya ya sumbaci goshin mahaifinsa ya ce, "Halas, ya abuya. Halas." Wato shi ke nan, Baba, na yarda. Baba ya lumshe ido. Bai sake doguwar magana ba har Allah Ya karɓe shi.

Sauran kun sani, ranka ya daɗe, domin a hannunka Thamer ya sa mabuɗin a ranar da aka tashi zaman makoki, bisa sharaɗin ku san wanda za a saukar, ku kuma taimake shi ya gyara takardunsa ko ya sami hanyar gida. Ya roƙe ni in koma ɗakin, har ya rantse. Na gode masa, na ƙi, kuma ina roƙonku kada ku matsa mini. Na riga na sami bakin magana da abin yi. Wanda aka gina ɗakin dominsa shi ne dattijon nan mutumin Tawa da kuka saukar shekaranjiya, wanda aka tsinta a tasha ba shi da komai sai jaka da 'yan kalmomin Faransanci.

Baba Abdulghani, an buɗe wa mahaifiyarka ƙofa ɗaya, ka yi rayuwarka kana ramawa, kuma ba ka yarda ka tafi ba sai da ka bar ta a buɗe. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Yanzu kai ne baƙo a inda ba ka taɓa zuwa ba. Allah Ya tarbe ka da rahama, Ya sauƙaƙa maka amsa tambaya, Ya yalwata makwancinka, Ya haɗa ka da Inna a Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Thamer da Rabi'atu da 'ya'yansu, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa shimfiɗa haƙarƙarinsa a wannan ɗaki. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Waɗanda suke wurin a ranar Juma'ar, suka ji maganar marigayi da kunnuwansu, kuma suka yarda in sa sunayensu, su ne Malam Hussaini mai koyarwa, da Hajiya Zubaidatu mai masa, da Rabi'atu 'yar marigayi, da Thamer ɗan marigayi. Ni, Muslim Tanko Maigatari, ina wurin, amma ban sa kaina cikin shaidu ba.