Sista Kar-Ka-Motsa Ta Ajiye Aiki

Kafin likita ya iso, ta riga ta gyara gado, ta jera kayan aiki, ta sanya rigar dalma mai nauyin tsiya, wadda ke kare mutum daga hasken na'urar hoto. A ɗakin nan ake zura siririyar roba ta jijiyar matsematsi har cikin hanta, a kai wa ciwon daji magani har gida, a toshe jinin da ke ciyar da shi. In an zare, ita ce mai danne wurin, tana tsare majinyaci ya kwanta sambal. Nan ta samo sunanta: Sista Kar-Ka-Motsa.

Abokan aikinta ba sa manta wani tela da aka kawo, ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura. Yayansa ya ja ta gefe.

"Sista, an ce abin ya ci hanta. Gara mu mai da shi gida, kar a wahalar da shi."

"Yaya, ba zan yi maka ƙarya ba, aikin nan ba ya warkarwa," in ji ta. "Amma da yardar Allah yakan ƙara wa mutum lokaci. Kuma mai jikin yana da baki, a tambaye shi."

Tela ya ɗago kai da ƙyar. "Ɗinkin mutane na jibge a shago. A zura."

Aka zura. Zazzaɓi da amai suka rufe shi, har ya ce ko da igiya ba za a sake shigar da shi ɗakin nan ba. Ta jawo kujera ta zauna. "Haba, tela guda da tsoron zare?" Ya yi dariya yana dafe ciki, kuma da lokacin zagaye na biyu ya yi, da ƙafarsa ya dawo.

Ya ƙara fiye da shekara a kan keken ɗinkinsa. Kafin ya cika, sai da ya koya wa 'yarsa yanka da ɗinki. Yau shagon ne ke riƙe da gidan.

Sista, ke ce ba ki taɓa sayar wa majinyaci ƙarya ba, ba ki kuma taɓa sallama shi tun yana numfashi ba. Wasu ba su daɗe ba, ke kika rufe musu ido, gari ya waye kika dawo.

Ƙarshen watan nan za ki huta, baya ya gaji. Mun gode, Allah ya saka. Ku kuma masu tasowa, gadon nan ba zai zauna babu kowa ba. Ku tsaya kamar yadda ta tsaya.